Sau uku ƙanina yana samun sauƙi, sau uku magani yana yankewa

Telan Gangare:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shugaba, a yi mini afuwa, yau ba cigiya na kawo ba, ba kuma sanarwar ɗaurin aure ba. Magana ce da na daɗe ina haɗiyewa.

Ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wasunku sun san shi, ba sai na kama suna ba. Yana da teburin caja da murfin waya a kasuwar Taminus ta Jos lokacin da bom ya tashi a watan Mayu na 2014. Na farko bai same shi ba. Ya ruga don ya taimaka a kwashi mutane, sai na biyun ya tashi. Ko ƙwarzane bai yi ba. Da ƙafarsa ya dawo gida, rigarsa jiƙe da jinin wasu. Muka yi ta hamdala, Inna har waina ta soya ta raba sadaka.

Ashe rabin yaron ne ya dawo. Barci ya ƙaurace masa. In tayar mota ta fashe a titin Bauchi sai ka same shi a bayan ƙofa yana rawar jiki. Ya daina zuwa kasuwa. Wani aboki ya fara ba shi ƙwaya wai don ya samu natsuwa. Kafin shekara uku ya fara surutu shi kaɗai, yana cewa maƙwabta sun binne masa abu a bakin zaure. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi, mun yi ruƙiyya. Da ya fasa wa Inna tukunya a gabanta, kawunmu ya kai shi wani gida a wajen gari, aka sa masa mari wata huɗu. Har yau tabon yana idon sawunsa. Ko ana zafin bazara ba ya cire safa.

Daga baya muka kai shi asibiti. Wallahi cikin sati biyar ya dawo mutum, har yana zama a shagona yana saka maɓalli. Sai kuɗi. Ranar ganin likita ba ni da ɗinki, ga keke zuwa da dawowa mu biyu, ga magani da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023. Sau uku yana samun sauƙi, sau uku magani yana yankewa, sau uku muna komawa gidan jiya. Yanzu muna cikin na ukun. Ba roƙo na zo ba. Tambaya nake: talakan Jos, ina zai kai irin wannan mara lafiya?

Hajiyar Rikkos:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ka gaida mini Inna.

Ɗan Keke:
Allah ya sawwaƙe, Yaya. Amma tambayarka amsarta a bayyane take. Talaka bola yake kai nasa. Duba shataletale ka gani.

Shugaban Zaure:
Ɗan Keke, a tausasa harshe. Mutum ya kawo ciwonsa ne. Mama Sista, muna jiran ki, wannan fagenki ne.

Mama Sista:
Wa alaikumus salam. Tela ɗana, sannu da ɗawainiya. Shekaru na yi ina aikin jinya a sashen masu taɓin ƙwaƙwalwa kafin na yi ritaya, kuma labarinka na ji shi daga bakin mutum ya fi a ƙirga, sunan unguwa kawai ke canzawa.

Bari na fara da inda ake zuwa, don wasu ba su ma sani ba. JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, suna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, ba sai an tafi Barnawa a Kaduna ko Dawanau a Kano ba, kamar yadda mutanenmu suka saba ɗauka. To amma likitocin nan nawa ne? A duk Najeriya, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, kuma kullum wasu na haɗa jaka suna tafiya Ingila da Saudiyya. Waɗanda suka rage suna manyan birane. In mu da ke cikin Jos muna kuka da kuɗin keke, me mutumin Wase ko Kanam zai ce?

Shi ya sa ni ban yarda cewa gina wani babban asibiti ne zai fitar da mu ba. Ciwon ƙaninka, bayan likita ya gan shi ya tsara magani, sauran aikin ba na farfesa ba ne. Aikin nas ne ko ma'aikacin ƙaramin asibiti na unguwa: ya duba shi, ya tambayi barci da cin abinci, ya ba da maganin wata. Akwai ma allura da ake yi sau ɗaya a sati uku ko huɗu ga wanda shan ƙwaya kullum ke yi wa wuya. Tun 1991 gwamnati ta rubuta cewa lafiyar ƙwaƙwalwa tana cikin aikin ƙananan asibitoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fito da tsari a 2008 na koya wa ƙananan ma'aikata gane ciwon damuwa, farfaɗiya da taɓin hankali. Rubutun yana nan. Shiga ƙaramin asibitin unguwarku gobe ka tambayi maganin, sai ka zo ka ba mu labari.

Kuma don Allah ku riƙe wannan: mai wannan ciwo in ya ji sauƙi ba warkewa ya yi ba tukuna. Kamar hawan jini ne. Ranar da aka ajiye magani, ciwon yana laɓe, kuma kowace dawowa ta fi ta baya wahalar kwantarwa.

Malam Na Zaure:
Allah ya saka wa Mama Sista. Amma tun kafin a fara jifan malamai, don na ga inda maganar ke karkata, bari na faɗi nawa. Ni ina yin ruƙiyya, ban ɓoye ba. Sihiri gaskiya ne, shafar aljanu gaskiya ce. Sai dai ba kowane mai surutu ba ne aljani ya taɓa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Bai ce maganin yana hannun malam kaɗai ba. Ni in na karanta wa mutum kwana uku, bakwai, na ga ba ya barci, ba ya ci, yana ta ƙaruwa, cewa nake a tafi asibiti, mu ci gaba da addu'a daga nan.

Amma ina da tambaya ga masu zagin gidan mari. Ƙarfe biyu na dare saurayi majiyi ƙarfi ya ɗauki taɓarya, a gidan daga tsohuwa sai yara. Wa za ta kira? Wace mota ce za ta zo? Mutane ba don mugunta suke kai 'ya'yansu can ba. Ƙofar da ke buɗe ce kawai a lokacin.

Lauyan Unguwa:
Allah gafarta Malam, da girmamawa, wannan hujjar ce ta sa aka daɗe ana cin zarafin bayin Allah. Mun manta Rigasa? A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Kaduna suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, wasu bayansu duk shatar bulala, har da ƙananan yara. Bayan makonni aka sake samun irinsa a Daura. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi.

Kuma yanzu doka ta canza. Tun zamanin Turawa muke aiki da dokar mahaukata ta 1958, wadda ba ta san komai ba sai a kama a kulle. A watan Janairu na 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ta hana ɗaure mara lafiya da sarƙa, ta hana a nuna masa wariya wajen aiki ko gidan haya, ta ce a kafa sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya da asusun kuɗi. Wanda ya sa wa ƙanin Tela mari, yau in ya yi, ya taka doka.

Ɗan Keke:
Barista, dokar tana sayar da magani? Ka ba mu lambarta mu kira ta ƙarfe biyun dare.

Lauyan Unguwa:
Ba'a ba za ta kai mu ko'ina ba. In ba ka san haƙƙinka ba, ta ina za ka nema?

Malam Na Zaure:
Barista, ban ce a ɗaure kowa ba. Dukan mara lafiya haramun ne, ko dabba ba a yi wa haka. Cewa na yi in ka rufe wannan ƙofa, ka buɗe wata. Bayan Rigasa an rufe gidaje da yawa. Waɗanda aka fito da su ina aka kai su? Gida suka koma, aka kulle su a ɗakin baya. Marin ne kawai ya canza adireshi.

Mama Sista:
Ku biyun ku saurara, don abin da kuke jayayya a kai an gwada shi tun kafin a haife ku. A 1954 wani likita Bayarabe, Farfesa Thomas Adeoye Lambo, ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon ya kulle marasa lafiya a asibiti, sai ya roƙi mutanen ƙauyukan da ke kewaye su ba su masauki. Kowane mara lafiya ya zo da ɗan'uwansa, uwa ko 'yar'uwa, ta dafa masa, ta kwana kusa da shi. Da rana a zo asibiti a karɓi magani, da yamma a koma cikin mutane. Kuma bai kori masu maganin gargajiya ba, ya jawo su cikin aikin. Duniya ta zo ta koya a wurinsa, har ya kai mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Mu da muka haifi abin muka bar shi.

Ko a baya-bayan nan, Farfesa Oye Gureje na Ibadan da abokan aikinsa sun gwada haɗa masu maganin gargajiya da masu addu'a da ma'aikatan ƙananan asibitoci, a Ibadan da Kumasi ta Gana. Nas yana zuwa har wurin mai addu'a ya duba mara lafiya ya ba da magani. Waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. Don haka Malam ba abokin gabana ba ne. Shi ake fara kai wa mara lafiya, ni sai an gaji ake zuwa wurina. In yana da lambata, ni ma ina da tasa, an rage wa iyali shekara biyu ta yawo.

Mama Zumunta:
Salama gare ku duka. Ni daga Tudun Wada nake, ƙawata ce ta saka ni a zauren nan tun lokacin rabon taki, ban taɓa magana ba sai yau. Malam, kada ka ji kamar ku kaɗai ake nufi. Mu ma muna da gidajen addu'a da ake ɗaure mutum a gindin itace, a hana shi abinci kwana bakwai wai azumi ne. Na gani da idona.

Abin da ya sa na yi magana shi ne mutanen da suka gudo. Bayan abin da ya faru a Bokkos da Barikin Ladi a jajibirin Kirsimeti na 2023, da na Mangu kafin nan, zumuntar matanmu ta karɓi wasu iyalai. An kawo shinkafa, an kawo tabarma da bargo, Allah ya saka wa masu kawowa. Amma akwai wata mata da ke kwana a zaune, takalminta a ƙafa, jakarta a cinya, har yau. Ɗanta mai shekara tara ya koma fitsarin kwance. In ka tambaye ta lafiya, ta ce lafiya lau. In ta je asibiti cewa take kanta na ciwo, ƙirjinta na zafi, jikinta kamar ana tafiya a ciki. Sai a gwada maleriya da taifot, a ba ta magani, ta dawo. An yi mata haka sau huɗu. Babu wanda ya tambaye ta me ta gani a daren.

Ga harshe kuma. Da Hausa take lallaɓawa, yarenta daban. Turanci kuwa babu. Ta yaya za ta kwance abin da ke zuciyarta?

Sai abu na ƙarshe, wanda duk mun sani amma ba ma son faɗa. Tun rikicin 2001, da na 2008, da na 2010, garin nan ya rabu. Akwai matan da ba za su shiga asibiti a Unguwar Rogo ba ko kyauta ne, kamar yadda akwai naku da ba za su zo namu gefen ba in rana ta yi sanyi. Duk wanda zai kawo taimako ya ajiye shi wuri ɗaya ya ce kowa ya zo, rabin gari kawai ya bai wa.

Hajiyar Rikkos:
Wallahi Mama gaskiya kika faɗa. Barka da zuwa, kin yi magana mai ma'ana. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ɗan Ruga:
A saka mu ma a lissafi. Innata tun da aka ƙone rugarmu ba ta ƙara dariya ba. Ta daina tallar nono, ta daina zuwa suna. A wurinmu kunya ce babba ta ce zuciyarta na ciwo, sai dai a ce ta yi shiru. Kuma shiga gari da ita yanzu sai an yi shawara. Ba a taɓa zuwa an tambaye mu ba, ko da wasa.

Mama Zumunta:
Allah ya ta'azantar da ita, ɗana. Hawaye ba shi da yare.

Ɗalibar Jami'a:
Mama Sista, a aji an ba mu labarin Zimbabuwe. Wani likita, Dixon Chibanda, ya ga ƙasarsu ba ta da likitoci, sai ya koya wa kakanni mata yadda ake sauraron mai damuwa. Aka ajiye benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, mutum ya zo ya zauna da kaka su yi ta magana, zama shida ko makamancin haka, tana taimaka masa ya warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. Su ba sa cewa ciwon ƙwaƙwalwa, cewa suke yawan tunani, kamar dai yadda muke faɗa. Da aka auna, an ga yana aiki sosai. Me zai hana a yi a Jos? Kakanni dai ba mu rasa ba.

Ɗan Keke:
Kakannin unguwarmu? Ki faɗa wa ɗaya sirrinki da hantsi, kafin la'asar an ji a Bukuru.

Hajiyar Rikkos:
Kai Ɗan Keke, Allah ya shirye ka. Amma fa ya taɓo wani abu. Ni ina da 'yan mata uku a gabana. Ranar da aka ga ɗan gidana a layin masu taɓin hankali a asibitin unguwa, an gama. In an zo binciken aure, maƙwabta ba za su ce komai ba sai "ai gidan akwai abin nan." Shi ya sa masu hali suke tsallake Jos gaba ɗaya su tafi Kaduna, inda ba wanda ya san su. Kuna ta cewa a kawo kusa, a kawo kusa. Kusan ma yana da nasa tsadar.

Mama Sista:
Hajiya, wannan ita ce magana mafi nauyi da aka yi yau, kuma ba ni da amsar da za ta share ta duka. Abin da na gani yana aiki shi ne kada a ware. Kada a kafa allo, kada a ce ranar Laraba ta masu kaza ce. Layi ɗaya da mai hawan jini da mai ciwon suga da mai awon ciki, kati iri ɗaya, ɗaki ɗaya. Wanda ya gan ka a benci bai san me ya kawo ka ba. Kakannin Zimbabuwe kuma ba kowace tsohuwa aka ɗauka ba, an zaɓa, an horar, ana sa musu ido. Wadda bakinta ba ya rufuwa ba ta shiga.

Maman Ikram:
Na daɗe ina rubutawa ina gogewa. Bari dai na tura.

Haihuwata ta biyu, ina cikin wankan jego, na ji duniyar ta fita a raina. Jaririyar na kuka, ni ma ina kuka. Ba na son ɗaukarta, kuma ina jin ni muguwar uwa ce saboda haka. Goggo ta ce shagwaɓa ce. Uwar mijina ta ce kishiya ce ta yi mini jifa, alhali baiwar Allah ita ke yi mini wanki. Aka ce na cika raki, wasu sun haifi goma ba su yi haka ba. Ga kunun kanwa, ga gasasshen nama, ga ruwan zafi safe da yamma, duk an kula da jikina. Har na fara tunanin da ba ni a duniya da kowa ya huta.

Ranar rigakafin sati shida wata nas ta dube ni ta ce, "Maman beibi, ke fa, kina barci?" Tambayar ke nan. Na fashe da kuka a gaban mutane. Ita ta haɗa ni da likita. Amma sai da na yi sati biyu kafin maigida ya yarda na je, shi ma don an ce masa maganin rashin barci ne. Yanzu Ikram tana aji biyu.

Mace a gidan aure ba ta da kuɗin mota nata, ba ta fita sai da izini. In ba a same ta a wurin awo ko rigakafi ba, ba za a same ta ba.

Mama Sista:
'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika faɗa. Abin da ya same ki yana samun kusan mace ɗaya cikin goma bayan haihuwa, ba raki ba ne, ba kuma raunin imani ba. Akwai wanda ya fi shi tsanani, mai zuwa cikin kwanakin farko, mace ta rikice ta daina gane mutane. Shi bai da yawa, ɗaya ko biyu cikin haihuwa dubu, amma na gaggawa ne, ranar za a tafi asibiti. Kuma duk wanda kuka ji yana cewa gara ya mutu, kada a yi masa wa'azin wuta a tashi. A zauna da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita.

Lauyan Unguwa:
Abin takaici, tsohuwar dokar laifuka ta Arewa ta ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya. Wannan na cikin abin da ke sa iyali su ɓoye. Likitoci sun daɗe suna neman a soke shi.

Tela, game da kuɗi: dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu don marasa galihu, kuma masu lalurar ƙwaƙwalwa suna cikin waɗanda ta ambata. A jiharmu PLASCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta Filato, ce ke rajista. Ka zo da katin asibitinsa da lambarsa ta ɗan ƙasa, ni zan raka ka, mu tambaya baki da baki abin da zai samu. Ba zan karɓi ko sisi ba.

Malamar Kurame:
Kafin a rufe, a tuna da nawa mutanen. Wannan ciwo da magana ake gano shi, da magana ake maganin rabinsa. To kurma fa? Wata tsohuwar ɗalibata ta je ganin likita, babu mai fassarar hannu, sai aka ce mijinta ya fassara. Mijin nan shi ne damuwarta. Tana nuna abu, yana faɗin wani. Aka rubuta mata maganin ciwon kai. An sa hannu a dokar masu buƙata ta musamman tun Janairun 2019, amma har yanzu in ɗalibaina za su asibiti ni suke kira, in bar aji in bi su. Wasu kurame ma ana ɗaukar su masu taɓin hankali alhali ƙalau suke, ba a dai fahimce su ba ne.

Ɗan Keke:
To ni ma bari na yi ta gaske sau ɗaya. Yaran da muke tashar keke da su, rabin masu shan ƙwayar nan ba don daɗi suke sha ba. Wani a gabansa aka kashe babansa yana ɗan shekara takwas. An hana kodin a 2018, suka koma wani abu. NDLEA ta kama, a sake, su koma. Ba wanda ya taɓa zaunar da su ya tambayi abin da ke hana su barci. Yaya Tela, duk ranar asibiti ka kira ni da asuba. Mai kawai za ka zuba.

Shugaban Zaure:
Yau Ɗan Keke ya ba mu mamaki. Shawarata, mu buɗe adashin magani, ko ɗari biyar biyar a wata, Hajiyar Rikkos ta riƙe, Mama Sista ta riƙa sayowa da takardar likita, ba a ba kowa kuɗi a hannu ba. Kuma ba na ƙanin Tela kaɗai ba. Mama Zumunta, matar nan taku tana ciki. Ɗan Ruga, Inna ma. Mai so ya rubuta mini a gefe.

Malam Na Zaure:
Na shiga. Mama Sista, turo mini lambarki. Akwai yara biyu da ake kawo mini yanzu, ɗaya ban gamsu da yanayinsa ba.

Telan Gangare:
Jama'a, na rasa bakin godiya. Amma akwai gyara da zan yi, kuma da kunya nake yin sa.

Bayan isha'i na miƙa masa wayar ya karanta duk abin da aka rubuta. Ya daɗe yana karantawa. Da ya gama sai ya ce, "Yaya, ka faɗa musu ba daidai ba. Na ukun ba kuɗi ba ne. Ni na daina sha." Ashe watanni yana zubar da maganin a makwarara. Ya ce in ya sha wuyansa yana sanƙarewa, miyau na zuba, hannunsa na rawa har ba ya iya zura zare a allura, yaran shago suna kallonsa suna ƙunshe dariya. Na ce me ya sa ba ka faɗa ba? Ya ce duk ranar da muka shiga wurin likita, ni ake tambaya yaya jikinsa, ni kuma nake amsawa. Shekara nawa ina kai shi, ban taɓa lura ba.

Mama Sista:
Ka gaishe shi, ka ce na ji, kuma bai yi ƙarya ba. Tsofaffin magungunan suna yin haka, kuma abu ne da ake gyarawa: a rage, ko a canza, ko a ƙara wani ƙarami da ke sakin jiki. Amma likita ne zai yi, kada ku saya a kemis da kanku, don shi ma ƙaramin yara sun mai da shi abin maye. Wannan karon in kun shiga, ku gaisa da likita, sai kai ka fito ka jira a benci.

Telan Gangare:
Ya ce ya yarda, amma da sharaɗin Ɗan Keke ba zai kunna waƙa a hanya ba.

Ɗan Keke:
Rediyon ma ta lalace tun azumi. Ƙarfe shida da rabi ina bakin zaurenku.